Shekarar da Muka Yanka da Kanmu

A layinmu na Samaru, ba Kirista ke yanka naman Kirsimeti ba. Haka na tarar lokacin da aka kawo ni gidan aure, haka kuma muka ci gaba, ba tare da wani ya taɓa zama ya ce ga doka ba. Gidajen Kirista na layin, yawancinmu mutanen kudancin Kaduna, mukan haɗa hannu mu sayi bijimi guda a yi watanda, kowane gida ya ɗauki kasonsa. Mai sa wuƙa kuwa wani tsohon mahauci ne da ke can ƙarshen layi, Musulmi, kowa Baba yake ce masa. In shi ya yanka, shinkafarmu za ta shiga kowane gida ranar Kirsimeti. In ɗayanmu ya yanka, maƙwabta za su karɓa su yi godiya, sannan su juye wa kaji. Ni kuwa ba abin da na tsana irin a yi mini godiyar ƙarya a kan girkina.

Shekarar da nake magana ita ce wadda Babbar Sallah ta biyo bayan Kirsimeti da 'yan kwanaki. Ina koyarwa a firamare, maigidana yana walda a wani gareji a Chikaji. An yi tashin hankali a wasu garuruwa a farkon shekarar. Bai iso mu ba, amma tun daga lokacin maigidana ya koma mai kwaso jita-jita. Kullum zai dawo, ko hannu bai wanke ba, sai ya fara da "an ce". An ce an ga baƙin fuskoki a tasha. An ce bana ba za a gama bukukuwa lafiya ba. In na tambaye shi wa ya ce, sai ya ce ni dai ban san duniya ba, alli kawai na sani.

Na daina yi masa dariya ranar da na shiga kasuwar Sabon Gari sayen shinkafa da man gyaɗa. 'Yan kudu suna tafiya gida kowace Disamba, wannan ba labari ba ne. Amma mai tafiya hutu jaka yake ɗauka. Ranar na ga katifu da kekunan ɗinki da firij ana ɗaure su a kan manyan motoci. Matar da na daɗe ina sayen kayan miya a wurinta, 'yar ƙabilar Ibo, rabin shagonta fayau. Na ce, Madam, yaushe za a dawo? Ta ci gaba da ƙulla mini kori ba ta ɗago ba, ta ce, "Ke dai sayi naki ki koma gida da wuri."

Ina fitowa daga shagon wani yaro ya jefa nokawut, irin abin wasan nan mai ƙara da yara ke damun mu da shi duk ƙarshen shekara. Kafin ka ce me, kasuwa ta watse. Na tsinci kaina durƙushe a bayan buhunan garin kwaki, kafaɗa da kafaɗa da wani alhaji mai sayar da atamfa. Da aka gane wasan yara ne muka miƙe muna kakkaɓe jiki. Na kalle shi, ya kalle ni, ba wanda ya yi dariya. Kallon nan ya fi ƙarar tsorata ni, domin na san abin da yake tambayar kansa game da ni, ni ma shi nake tambayar kaina game da shi.

A coci ma abubuwa suka fara janyewa. Fasto ya ce bana ba za a zaga gida-gida da waƙa ba. Mu matan zumunta da muka saba koyon waƙa har magariba, muna buga tulu ana jin mu daga titi, aka ce mu riƙa tashi kafin la'asar, mu kuma rage sauti. Wasan kwaikwayon yara na haihuwar Almasihu aka dawo da shi tsakar rana. 'Yan jami'a sun tafi hutu, Samaru ta yi shiru fiye da yadda ta saba, masu shayi da masu kabu-kabu suna zaune suna kallon hanya.

A cikin wannan hali maigidana ya kawo maganar tashi. Wansa ya samo mana ɗaki biyu a Sabon Gari, a layin da daga farko har ƙarshe ba ka jin kiran sallah sai daga nesa. Na ce ba inda za ni. Gidan haya ne, na sani, amma a bayan ɗakin nan aka binne cibiyar 'ya'yana duka, kuma matar gidan da ke kallon namu, wadda muke kira Hajiya, ita ta yi mini wankan jego a haihuwar fari da uwata ta kasa zuwa. Muka kwana biyu ba ma ga maciji. A rana ta uku ya sauko, amma da sharaɗi.

"Ki saurara," ya ce. "Baba yana jin abin da ba ma ji. In ya zo ya yanka mana kamar kullum, mun zauna, ba zan ƙara ta da maganar ba. In bai zo ba, to sun san wani abu."

Na yarda nan take, domin a ganina ba abin da zai hana Baba zuwa in dai yana numfashi. Aka aika masa kamar yadda aka saba, ya ce in Allah ya yarda. Da, wannan amsa ba ta taɓa damun kowa ba. Bana kuwa maza suka yi ta juya ta, wani ya ce da sanyin jiki ya faɗa, wani ya ce bai kalli ɗan aiken ba.

Ranar jajiberen Kirsimeti aka ɗaure bijimin a gindin mangwaron da ke filin bayan gidanmu. Baƙi ne mai tozo, an kawo shi daga kasuwar ƙauye. Baba yakan iso da ya fito daga sallar asuba, kafin ruwanmu ya tafasa, yana tsokanarmu cewa Kiristoci akwai barci. Ranar muka hura wuta, ruwa ya tafasa, muka ƙara wani. Maza suka shimfiɗa ganyen ayaba da buhuna, aka jera robobi. Rana ta fito, ta yi hantsi. Ba Baba.

Abin da ya fi damuna shi ne layin kansa. Ranar watanda yaran unguwa ne ke fara cika fili, namu da nasu, suna rigimar wa zai samu mafitsara a hura a yi ƙwallo. Ranar namu ne kaɗai, su ma sun lafe a jikin iyayensu. Ƙofar Hajiya a rufe. Wani da ya dawo daga sayen gawayi ya ce ya bi ta ƙofar gidan Baba, ya ga samari zaune a dakali, ya yi sallama ba wanda ya amsa da kyau.

Na ɗauki mayafi na ce bari in je in gani da idona. Maigidana ya riƙe mini hannu a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba.

"Ba inda za ki."

Dattijon cocinmu, wanda shi ke shugabantar watandar, ya dubi rana ya ce mata na da suya a gabansu, nama kuma ba ya jira. Sai wani saurayi, ɗan ɗaya daga cikin gidajen, ya ce shi fa bai ga dalilin wannan wahala ba. Mu ba mu da hannu ne? Kullum mu ne masu jira, mu ne masu lallashi. Wasu suka gyaɗa kai. Raina ya ɓaci, na ce masa lokacin da aka fara wannan abu yana yawo ba wando, kuma tuwon Hajiya ya fi na uwarsa yawa a cikinsa. Na ce a ƙara jira ko zuwa azahar ne, naman ba gudu zai yi ba.

"Mama, ki yi haƙuri," in ji dattijon. "Wanda zai zo, da ya zo."

Aka kayar da bijimin. Sun sha wuya, domin ba wanda ya iya ɗaurin ƙafa irin na Baba, dabbar ta yi ta shure-shure tana watsa ƙasa. Saurayin ne ya yanka, da wuƙar kicin ɗin wani gida, sai da ya yi ta gurzawa. Na juya baya. Na sha ganin yanka, amma ban taɓa jin tsoron jini ba sai ranar.

Jinin bai gama tsayawa ba muka hango Baba. A ƙasa yake tafe, daga wajen titi, ba daga wajen gidansa ba. Yana jan ƙafa, gumi ya jiƙa masa wuyan riga duk da sanyin da ake yi, da wani abu naɗe cikin tsumma a hammatarsa. Ya yi sallama, ya tsaya a kan bijimin, ya daɗe yana kallon wuyan.

"Wa ya yanka?"

Dattijon ya fara cewa mun ga rana ta yi, mun ɗauka ko jiki ne. Baba ya ɗaga masa hannu.

"Yaran gidana ne suka ɓoye mini wuƙaƙe," ya ce. "Wai bana kada in zo, mutane na magana. Na ce tun ba a haife su ba nake yanka ma mutanen nan. Har ƙarƙashin gado na duba. Shi ne na taka kasuwa na aro wannan wajen wani yarona."

Ya warware tsumman ya nuna mana wuƙar, kamar mun ce ba mu yarda ba. Na ji kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona, ga tausayi, ga haushin kowa da ke wurin.

Na ɗauka zai juya ya tafi. Sai ya naɗe hannun riga ya durƙusa, ya ce wa saurayin, "Matsa, ɗana, za ka ɓata fatan." Shi ya yi fiɗa, shi ya sassara ƙashi, shi ya kasa naman tsibi-tsibi yadda ba mai cewa an cuce shi. Bai yi tsokana ko ɗaya ba. Da aka gama, dattijon ya miƙa masa wuya, wanda shi ne rabon mai yanka. Baba ya goge wuƙarsa ya ce a ba wanda ya yanka, ya yi mana barka da shekara, ya tafi.

Da muka shiga ɗaki na ce wa maigidana, to, ka gani, ya zo. Sharaɗinka ya cika.

"Ya zo," ya ce. "Amma kin ji abin da ya ce? Shi tsoho ne. Waɗanda suka ɓoye wuƙan su ne za mu zauna da su."

Magana ɗaya muka ji ni da shi. Ni na ji tsoho ya taka har kasuwa saboda mu, shi ya ji an ɓoye wuƙa, kuma ba wanda ya yi ƙarya a cikinmu.

Da yamma na leƙa wurin Hajiya in gaya mata kada ta sa ran kwano gobe, don ba zan aika mata abin da na san ba za ta ci ba. Ta ce ta ji. Ta ce maigidanta ne ya hana yara fita da safe, shi ma an ce masa mu ne muke shirin wani abu. Ko ɗumama tabarma ban yi ba na yi mata sallama, matar da ta san duk tabon da ke jikina.

Ranar Kirsimeti hannuna ya auna shinkafa yadda ya saba, tukunyar gidan biki. Muka dawo daga coci cikin ankonmu, ba yaron da zan ɗora wa tire a ka in ce kai gidan wane. Muka ci, muka sake ci washegari, sauran ta lalace na zubar.

A ƙarshe na haƙura, na yarda mu tashi. Wan maigidana ya ce ranar Sallah za mu kwashe kaya, lokacin da hankalin kowa ke kan raguna. Haka aka yi. Muna cikin ɗaure katifa a kan akori-kura, sai ga babban ɗan Baba, ɗaya daga cikin masu zaman dakalin nan, da ƙaton kwano rufe da faifai. Daga yadda yake tafiya na san turo shi aka yi dole. Ya gaishe ni idonsa a ƙasa, ya ce Baba ya ce a kawo wa Mama. Cinyar rago ce, har da hanta a kai.

Ya dubi motar, ya dubi ɗakin da ya zama fanko.

"Tashi za ku yi?"

Na ce e.

"Baba bai sani ba," ya ce a hankali.

A layinmu ba a mayar da kwano haka nan, ko gyaɗa ce sai ka zuba. Na juye naman a roba, na shiga ɗaki ina dube-dube, alhali na san komai na cikin mota an ɗaure. Ko ƙwayar shinkafa babu. Na ɗauraye kwanon da sauran ruwan buta, na goge da bakin zanena, na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, ya tsaya kaɗan ko zan ba shi saƙo. Direba ya yi hon, maigidana ya kira ni, na hau mota ban ce a gaya wa Baba komai ba.