Gambo Mai Koɗa da Duwatsun Hassaniyya

Duk wanda ya san ƙasar Jazira ya san ba ta da dutse. Baƙar laka ce shimfiɗe iya ganinka, in kare ya biyo ka sai dai ka jefe shi da hoge. A irin wannan ƙasa Allah ya ga dama ya halicci yayana Gambo da son dutse.

Mahaifinmu ya bar masa hawasha, wato gonar da ake yanka wa manomi a bakin magudanar ruwa, amma auduga ba ta taɓa shiga ransa ba. Da ya gama ban ruwa sai ya rataya jakarsa ya bi ƙauyukan da ke kewaye da garin Hajj Abdalla, yana koɗa duwatsun niƙa da suka yi sulɓi. Ko bayan injin niƙa ya cika gari, akwai tsofaffin da ba sa cin kisra, wato gurasar dawa mai kama da sinasir, in ƙullunta bai bi ta kan dutse ba, su suka riƙe masa sana'a. Yakan harɗe ƙafa, ya karkata kunne, yana bugawa da makoɗinsa, sannan ya gaya wa matar gida ƙasar da aka saro dutsenta. Ni kuwa in ce masa wanda bai taɓa wuce Madani ba, ina ya san asalin dutse? Sai ya yi dariya ya ce ƙanwa ba ta taɓa ganin girman yayanta.

Wani direban babbar mota mai suna Alamin ne ya ɗora masa jarabar. Ya ba shi labarin duwatsun Hassaniyya, can cikin hamadar Bayuda, yamma da Atbara, inda hukuma ta killace ta hana farauta. Ya ce duwatsu ne tsaye kan yashi, baƙaƙe da jajaye, iska ta sassaƙe wasu kamar an kife tukunya kan turmi. Tun daga ranar Gambo bai ƙara samun lafiya ba.

Shekara da shekaru yana shirin tafiyar nan. Ya san cikin sanyi ake zuwa, ya san sai da jarkokin ruwa da ja-gora daga makiyayan wurin. Hanya kuwa ya haddace ta kamar Fatiha: Madani, Hartum, Shandi, Atbara, a ƙetare kogi. Duk wanda ya dawo daga arewa bai isa ya sha shayinsa da zafi ba, sai Gambo ya gama tatsarsa. Har takalmi mai kaurin ƙasa ya saya ya ajiye ƙarƙashin gado, ɓera ya ɗanɗana bakin ɗaya. Mun yi ta yi masa tsiya, amma wallahi ni na san abin ba wasa ba ne a wurinsa.

Sai idonsa ya fara dushewa. Likita a Madani ya ce hawan jinin ido ne, wanda ake kira moya zarƙa, abin da ya tafi ba ya dawowa, saura ma lokaci ne. 'Yarsa Najwa, wadda ke aikin jinya a Atbara, ita ta fi kowa gane ma'anar maganar. A sanyin da ya gabaci yaƙi ta nemi hutu, ta samo mota ƙirar a-kori-kura wurin mijin ƙawarta, ta samo ja-gora. Abin da ya rage Gambo ya hau mota ranar Asabar ya same ta. Ni na soya masa gyaɗa, na ƙulla masa dabino, na kakkaɓe takalmin nan.

To, mu nan akwai abin da baƙo ba zai gane ba. Kakanninmu da ƙafa suka baro Sakkwato da niyyar Makka, suka ya da zango a nan don neman guzuri, zango ya zama gari. Har gobe in ka tambayi dattijo zai ce maka a hanya muke. Saboda haka doguwar tafiya ta farko, a ganin mutanenmu, ta Makka ce. Ranar Juma'a bayan an sauko, taubashinmu Falalu ya tare shi a ƙofar masallaci.

"Ya Gambo, kakanka ya baro gida don Dutsen Arfa, nan ya kwanta bai gan shi ba. Kai ko ka ɗau guzuri za ka kallon dutsen da ba lada. Mi za ka ce mai in kun gamu?"

Aka kwashe da dariya. Falalu ba mugu ba ne, baki ne da shi kamar reza, ya faɗa ya manta kafin ya kai gida. Gambo ne bai manta ba. Ya shigo ya kwance kayansa, ya raba wa maƙwabta gyaɗar da na ɓata yini ina soyawa. Na yi faɗa har muryata ta dushe, na ce Allah da ya yi Arfa shi ya yi Hassaniyya, kuma kakan namu ba ya buƙatar idonsa. Ko gezau. Najwa ta bugo waya tana kuka, ta ce masa, "Yaba, idonka ba ya jira."

"Halas, ya isa haka, ɗiyata," in ji shi. "Makka tukuna. Dutse ba shi gudu."

Dutse bai gudu ba, mu muka gudu. Yaƙi ya ɓarke, kafin ƙarshen shekarar ya iso Jazira. Muka tsere Sinja, bayan 'yan watanni can ma ta ƙi zaunuwa, muka bi ta Gadarif har Kasala. Maganin ɗigawa a ido da likita ya ba shi ya yanke tun a Sinja, idon kuma ya tafi gaba ɗaya. Cikin kayansa makoɗi kaɗai ya ɗauko. Takalmin da ya yi shekaru yana jiran hamada, a hanyar gudu aka fara sa shi.

A Kasala aka sauke mu a wata makaranta, gindin duwatsun Taka. Ni da dutse bai taɓa damuna ba, ni ce nake buɗe ido kullum in gan su sun tokare sama. Na so in ɓoye masa, amma wa zai ɓoye dutse a garin da kowa da shi yake kwatance? Ya ce in faɗa masa yadda suke. Na ce manya ne, masu sulɓi, kawunansu a dunƙule. Ya ja tsaki ya ce Allah na ba mai ido abin da bai iya kallo ba. Gaskiyarsa ce, kuma tausayinsa ya hana ni ramawa.

Wata safiya na ja hannunsa har inda dutsen ya fara. Ya shafa shi da tafi biyu, ya fito da makoɗi ya buga, ya kasa kunne, ya sake bugawa. Ya ce dutse ne mai kyau. Sannan ya jingina goshinsa a jiki, hawaye na bin gemunsa, ya ce Falalu wasa ya yi, shi Gambo ne ya ɗauki abin da gaske.

Yanzu mun dawo ƙauye. Makka dai ba a je ba. Gambo yana nan yana koɗa, mata ke kawo masa duwatsun har gida, kunne ya ishe shi aiki. Kwanan baya Najwa ta zo, ta ce in hanya ta yi kyau za ta sake neman motar, su je ko yaya ne. Bai ajiye makoɗin ba ya amsa mata.

"In je in yi mi, ɗiyata? Jin dutse tun ina yaro nika jinai. Gani nika so."