Ma'aunin Baba Kafinta

Babana kafinta ne, kuma shekara talatin ba wanda ya taɓa kayar da shi a gardama. Da ka ce aikinsa ya karkace, sai ya zaro ma'auninsa daga aljihu, wani guntun katako mai ɗan gilashi da kumfa a ciki. Ya ɗora, kumfar ta tsaya cak a tsakiya, ya dube ka da tausayi. Shi ke nan, an yanke hukunci.

Maigidan da ya koya masa sana'a ne ya rasu ya bar masa shi, kuma a wurin Baba wannan tsoho bai taɓa kuskure ba. Taɓa ma'aunin nan taɓa mamacin ne.

Mu kuwa a gida mun ga ta kanmu. Baba ne ya kafa kantar kicin, kuma in Umma ta ajiye ƙwai, sai ya kama hanyar hagu a hankali har ya faɗo. Baba ya ce ƙwan kajin zamani ne ba su da siffa. Da lemo ya bi sahu, ya ce ƙasar unguwar ce ta zauna. Umma dai ba ta da lokacin musu, ta naɗe tsumma ta tare gefen hagun.

Abin da ke ba ni haushi, har masu kawo masa aiki sun yarda. Idonsu na ganin karkata ƙuru-ƙuru, amma da sun ga kumfa a tsakiya sai su ƙaryata idon, su yi godiya. Kai, mutane!

Da na koma sabon gida, ya zo da kansa ya kafa mini kantar littattafai. Ya buga ƙusa, ya ɗora ma'auni, kumfa ta zauna daram. Ni kuwa bakina bai iya shiru ba.

Na ce, "Baba, don Allah juya shi, hagu ya koma dama. In kantar daidai take, ai kumfar ba za ta motsa ba."

Ya ce, "Yau kuma 'yar boko ce za ta koya mini aiki?" Ya juya yana dariya.

Kumfar ta zura a guje ta maƙale a gefe. Ya mayar, ta dawo tsakiya. Ya sake juyawa, ta sake gudu. Sai ya zauna a kan gwangwanin fenti. Wallahi tausayinsa ya kama ni, na ji da ma na bar littattafan su yi ta zamewa, da in raba shi da maigidansa.

Can sai ya fashe da dariya har da hawaye.

Ya ce, "Oh, tsohon nan! Kullum sau biyu yake ɗorawa. Ya auna, ya juya, ya sake aunawa, sannan ya ja layi a tsakanin biyun. Ni na ɗauka tsufa ne ke sa shi mantuwa. Da na buɗe shagona na ce ba zan ɓata lokaci ba." Ya share ido da bakin riga. "Ashe ya san ma'aunin na da ciwo. Shekara bakwai yana nuna mini maganin a gaban idona, ni kuwa katakon kawai na gada."

Ya miƙe ya ɗauki hama, ya fara zare ƙusoshin. Ya ce, "Zo ki riƙe mini wancan gefen, ki kuma gaya mini abin da idonki ya gani."