Tiyon da Alhaji Ya Sa

A shekarar da na baro Paris na sauka Lyon, abu ɗaya ne ke hana ni sukuni: takardun zamana sun kusa ƙarewa, kuma ba za a sabunta su ba sai na nuna kwantiragin aiki na dindindin. Na samu aikin gwaji na wata uku a ɗakin injin wani jirgin ruwa mai yawo da baƙi a kogin Rhône. Mai jirgin Bafaranshiya ce. Babban makanikenta kuwa wani dattijo ne ɗan Chadi, kowa Alhaji yake ce masa. A duk bakin kogin nan shi kaɗai nake Hausa da shi, don haka na ɗauke shi uba.

Injin yana da wata cuta mai ban haushi. Sai ya yi kwana uku lafiya lau, ran na huɗu allurar zafi ta haye ja, a rage gudu, baƙi su yi ta tsaki. Da an tsaya a duba, sai ka same shi salihi kamar bai taɓa laifi ba. Mun wanke rariyar da ke tace ruwan kogi, mun canja famfo, mun buɗe duk abin da ke buɗuwa. A banza.

Ranar da haƙurin matar ya ƙare, ta sauko ɗakin injin ta tambayi dalili. Alhaji ya gyara tsayuwa ya gaya mata da Faransanci cewa ni ne ba na buɗe bawul ɗin da ke shigo da ruwan sanyaya injin sosai, wai hankalina ba ya kan aiki. Sannan ya juyo gare ni yana murmushi, ya ce da Hausa: "Yi shuru, ɗana. Dole wani ya ɗauka, kai kuma yaro ne."

Na koma kan aikina. Amma wallahi tun daga ranar nake gaishe shi da baki kawai. Ya san batun takarduna, ni da kaina na gaya masa. Matar ta ba ni mako biyu, in injin bai daina zafi ba in kama gabana.

Na fara lura da kyau. Injin ba ya zafi in muna bin ruwa, sai in mun juya muna haurawa an ba shi wuta sosai. Wata rana da aka juya, na kwanta rub-da-ciki a gefensa da tocila, zufa na shiga mini ido. Can ƙasa na ga tiyon da ke zuƙo ruwan kogi ya lotse, ya manne kamar an taka shi. Ana rage wuta ya koma ya cika tsaf. Tiyon da ake sawa a wurin nan, da wayar ƙarfe a cikinsa ake yin sa don kada ya shaƙe. Wannan kuwa na mota ne, babu waya a ciki, kuma Alhaji ne ya sa shi da hannunsa, ya samo shi wajen wani abokinsa mai gareji a Villeurbanne, nan kusa da Lyon.

Na san abin da ya kamata ɗa ya yi: ya ja dattijo gefe, ya raɗa masa, a canja tiyo, a ce Alhaji ne ya gano. Na kwana uku da wannan sanin, ina jin daɗinsa. Jira nake matar ta shigo jirgi.

Da ta shigo, na roƙe ta ta sauko, na sa aka ba injin wuta, na haska mata wurin. Alhaji na ganin inda hasken ya nufa ya gane. Ya matso ya ce a hankali: "Ka rufa mini asiri, don Allah. Mu yi maganar nan da Hausa."

Na dube shi, na amsa masa da Faransanci, da ƙarfi yadda matar za ta ji, na tambaye shi ko ya tuna wanda ya sa wannan tiyon.

An ba ni kwantiragi a ƙarshen watan, takarduna suka fito. Ba a kori Alhaji ba, amma aka damƙa mini makullin ɗakin injin, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin karɓarsa. Mun ƙara shekara biyu muna aiki tare kafin ya koma Stains, kusa da Paris, wajen 'yarsa. Kowace safiya in na iso, zai miƙe tsaye ya ce, "Bonjour, monsieur." Bai sake ce mini ko sannu da Hausa ba har ya tafi.