Kumbon da Na Zana a Bayan Bas

A shekarun da nake zanen motoci a bakin tashar Funtua, babu abin da ya taɓa gagarata. Zaki, dawisu, jirgin ƙasa, duk na zuba su a jikin manyan motocin katako. Wata ranar kasuwa sai wani direba mai jigila tsakanin Funtua da Malumfashi ya tsayar da bas ɗinsa a gaban rumfata, ya sauko riƙe da rediyo.

Ya ce, "Malam, kumbo nake so ka zana mini a baya."

Na ce, "Wane kumbo, Alhaji?"

"Wanda ke kai mutane tashar nan da ke shawagi a sararin samaniya. Yanzu na ji a labarai. Ya sauke waɗansu, ya kwaso waɗanda suka gama aiki, ya dawo da su gida. Ai sana'armu ɗaya."

Na gaya masa ban taɓa ganin kumbo ba, amma ya bar mini motar ya dawo jibi. Na nufi shagon wata Bayarabiya mai sayar mini da fenti, haifaffiyar garin, wadda ke naɗe kaya da tsofaffin mujallu. Muka yi ta tonon takardu har ta zaro wani shafi mai hoton kumbon, wanda jan fenti ya cinye rabinsa. Abin kamar tulu biyu aka haɗa baki da baki, ga fukafukai shimfiɗaɗɗu kamar alluna.

Ta yi dariya ta ce, "Ga motar taka, ko taya babu."

Rabin da fenti ya rufe, da kaina na ƙarasa shi.

Da Alhaji ya dawo ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ina fasinja?"

Na ce mutum biyu ko uku kawai yake ɗauka, haka matar ta karanta mini.

Ya riƙe baki. "Duk wannan nisan? Lallai ba su iya lodi ba."

Ya so in ɗora wa kumbon buhunan masara a sama. Na ƙi, na ce aikina ne zai hau titi, ba zan bari a yi mini dariya ba. Muka daidaita a kan tagogi uku, kowace da fuska, ɗaya har da hula.

Ba a daɗe ba 'yan kamasho suka koma kiran, "Kumbo, saura mutum ɗaya!" Direbobin Dandume suka fara layi a rumfata. Har wani manomin Maska ya kawo amalankensa, na zana masa ƙarami a gefen da shanu ba sa gogawa.