Sukar da Ba ta Wuƙa Ba

Har na yi ritaya ban manta da ranar da aka kawo Malam Idi daga Lakwaya ba. Lokacin ina nas a wani ƙaramin asibiti a yankin Gwarzo. Likitarmu 'yar bautar ƙasa ce daga kudu, ba ta jin Hausa, don haka ni nake mata tafinta.

Da hantsi aka shigo da shi, dattijo manomi, dafe da ƙirji. Ƙa'idar aiki ita ce a fara tambayar mara lafiya yadda yake jin ciwon, domin kowane iri da abin da yake nunawa. Ya ce, "'Yata, kamar ana caka mini tsinke in na ja numfashi." Na gaya wa likita da Turanci cewa stabbing pain ne. Ta maimaita, ta gyaɗa kai.

Ashe babban ɗansa Sani, da ke tsaye bakin ƙofa, ya tsinci kalmar. Shi a makaranta abin da ya sani shi ne stab daɓa wuƙa ne. Ga shi babu rauni a jikin uban, ga kuma rigimar iyakar gona tsakanin Malam Idi da ƙaninsa Haruna. Sai na jiyo Sani a baranda yana waya da ƙannensa: "Likita ma ta ce sukarsa aka yi. Jifa ne. Ku je gidan Baba Haruna."

Na fito na ce, "Malam Sani, dakata. Turawa suna faɗin kalmar nan ga wuƙa, suna kuma faɗinta ga ciwo mai suka. Mu ma ai mukan ce ciki yana suka, ba wanda ya soke shi." Bai yarda ba sai da muka koma ciki, likita ta sa masa abin sauraren ƙirji a kunne ya saurari ƙirjin uban, ta ce huhun ne ya kamu da sanyi, ya kamata a kai shi Kano.

Malam Idi ya ɗago da ƙyar, ya ce wa Sani, "Kira su su koma gida. Sannan ka kira Haruna, shi ke da mota."

Haruna ne ya kai shi, shi ya yi jinyarsa har ya warke.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku sani ba likita kaɗai ke jin abin da kuka fassara ba. 'Yan uwa ma suna saurare, cikin tsoro. In kun gama da likita, ku juya ku yi musu bayani da Hausa.