Sifirin Jif Ɗina a Wutar Maƙera

Jama'a, yau da idona na ga abin da nake nema yana cin wuta!

Kun san tsohuwar jif ɗin da na gada wurin mahaifina. Sifirinta na baya, ƙarfen nan da ke ɗaukar nauyin mota, ya karye, ga masarata jibge a gonar Tamawa, hadari na haɗuwa kullum, kuma ita kaɗai ke iya shiga hanyar. Masu kayan gyara a Dutsin-Ma suka miƙo mini na bas, wai "Malam, haka kowa ke sawa." Na auna, bai yi daidai ba, na ƙi karɓa.

Ina wucewa ta maƙera a Kurfi, sai ga irinsa sak, rabinsa ya yi jajur!

Na ce, "Sarkin Maƙera, dakata! Ka san abin da kake ƙonawa kuwa?"

Ya ce, "Fartanya ce, Malam, in Allah ya yarda. Ai tunda ya sha wuta, ya gama ɗaukar mota. Amma biyu 'yan gwangwan suka kawo, ƙanena ya tafi da ɗayan Kuki."

Ga ni bisa babur na nufi Kuki. Duk mai lambar maƙerin Kuki, don Allah ya kira shi yanzu, kada ya hura wuta!