Kawu Sale da kwabban kufai

Bana shekara ashirin da biyu ke nan da rasuwar Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata. Abin da ya tuno mini da shi wasu samari ne da na gani a hanyar Doguwa, riƙe da na'ura mai kama da faranti a bakin sanda, wadda ke ƙara in ta ji ƙarfe a ƙasa. Na yi dariya ni kaɗai. Da Kawu na raye, da sai ya ce mene ne amfanin kunnen na'ura ga mutumin da bai san inda rumbun kowa yake ba.

Shi da rariya da ƙaramar fartanya yake aikinsa. Ruwan madatsar Tiga ya cinye garinsu tun ina goye, aka tashe su, mu muka zauna a Bebeji. Amma duk rani, in ruwa ya ja baya, gefen kufan yakan fito. Sai Kawu ya ajiye komarsa ta kamun kifi, ya je ya wuni yana tankaɗe ƙasa. Yakan dawo da anini da kwabo masu huji, irin waɗanda mata ke zarga wa zare su rataya wa jarirai. Mutane suka ce ya zautu. Ni ma, gaskiya, na ɗan yarda.

Wankinsu ma nasa daban ne. Zai jiƙa tsamiya, ya dangwala tsumma a toka, ya goge gefe ɗaya har tauraron da ke jikin kwabon ya fito fes. Ɗaya gefen kuwa ba ya taɓa shi, yana barinsa da ƙasarsa. Wani ɗan kasuwa daga Kano ya taɓa cewa zai saye su in an wanke gaba da baya, Kawu ya ba shi ruwa ya sha, ya raka shi bakin titi.

Ban gane dalili ba sai shekarar da Inna, mahaifiyata, ta kwanta. Ta daina cin abinci, kullum maganarta ɗaya: a kai ta gida. Gidan kuwa yana ƙarƙashin ruwa. Muna kallo tana ƙarewa, tsoro ya kama mu sosai.

Rani ne, ruwa ya fara ja baya, sai Kawu ya ɓace kwana biyu. Da ya dawo, ya durƙusa a gefen tabarmarta, ya sa mata kwabo a tafin hannu.

"Yaya, kusa da duwatsun murhun Gwaggonmu na tono shi," in ji shi.

Inna ta juya gefen da ba a wanke ba. Ta lashi yatsa, ta murza, ta kai hanci.

"Jar ƙasar bayan ɗakinmu ce," ta ce. "Ba ka yi ƙarya ba, Sale."

Da yamma ta nemi kunu. Ta ƙara shekaru masu yawa a duniya, har ta goyi 'ya'yana.

Kawu bai bar gona ba, bai bar gida na kirki ba, kwabban ma ya rarraba wa mutanen garinsu tun yana da rai. Ban taɓa yi masa godiya yadda ya kamata ba, don a lokacin gani nake kunun ne ya yi aiki. Yau ina yi. Allah ya jiƙan Kawu Sale, mutumin da ya ƙara mana shekaru da uwarmu.